Jinka ko Kwano a Gidajen Katakon Ogimachi

A ƙauyen Ogimachi na Shirakawa, cikin duwatsun Gifu a Japan, tsofaffin gidajen katako suna da jinka mai tsini kamar tafukan da aka haɗa wuri guda wajen addu'a, don dusar ƙanƙara ta zame. Ba ƙusa ko ɗaya a sassan rufin, igiya da ɗanyen reshe ne suka ɗaure su. A saman bene ake kiwon tsutsar siliki a da, hayaƙin murhun ƙasa kuwa yana ratsa ciyawar, ya busar da ita, ya kori ƙwari.

Wahalar jinkar ita ce sauyi. Bayan shekaru talatin ko sama da haka sai an sake ta, kuma a al'adance aikin gayya ne, gari guda kan fito. Ga tsoron gobara, shi ya sa duk kaka ake gwada bututun feshin ruwa.

Kwano ya fi arha, ba ya neman gayya. Amma gidan yakan zama kamar dattijo sanye da hular aro. Ni dai jinkar nake so, tunda irin waɗannan gidaje ne suka sa UNESCO ta saka ƙauyen cikin kayan tarihin duniya a 1995.