Jellicoe da Beatty: wanne ya fi cancanta?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin John Jellicoe da David Beatty wanne ya fi iya jagorancin sojan ruwan Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ni ina bayan Jellicoe, duk da cewa Beatty ne ya kwashe farin jini.

Dukansu sun sha wuta kafin wannan yaƙi. Jellicoe, haifaffen 1859, an harbe shi a ƙasar Sin a 1900, harsashin ya zauna a huhunsa har rasuwarsa a 1935. Beatty, wanda ya zo duniya a 1871, ya yi suna a jiragen yaƙi na kogin Nilu lokacin da janar ɗin Ingila Kitchener ya ci Sudan.

Halin kowannensu ya fito fili a yaƙin ruwa na Jutland, a teku kusa da Denmark, ranar 31 ga Mayu 1916. Beatty ya afka wa Jamusawa cikin gaggawa, manyan jirage huɗu da ya kamata su rufa masa baya suka makara saboda ba su gane saƙon tutocinsa ba, kuma cikin rabin awa jiragensa biyu, Indefatigable da Queen Mary, suka tarwatse da mutum fiye da 2,000. A yi masa adalci, shi ya janyo rundunar Scheer, kwamandan jiragen Jamus, zuwa bakin bindigogin Jellicoe, amma bai sanar da Jellicoe, wanda shi ne shugabansa, inda abokan gaba suke a kan lokaci ba. Haka Jellicoe ya tsaya cikin hazo da manyan jirage 24, yana da 'yan mintoci ya yanke yadda zai jera su, ya kuma jera su daidai, har suka tare wa Scheer gaba.

Laifin da ake ɗora wa Jellicoe shi ne juya baya da aka harbo masa nakiyoyin ƙarƙashin ruwa, alhali tun Oktoba 1914 ya rubuta wa hedikwata cewa haka zai yi, aka amince. Ingila ta rasa jirage 14 da mutum 6,094, Jamus 11 da mutum 2,551, amma takunkumin da aka ƙaƙaba wa tashoshin Jamus bai sassauta ba, wanda shi ne ainihin aikin da aka ba shi.

Inda ya gaza da gaske shi ne 1917, lokacin da yake shugaban sojan ruwa, ya yi jinkirin amincewa da yi wa jiragen kasuwanci rakiya, ga shi ba ya iya sakar wa na ƙasa aiki. A Disamba aka sallame shi ba tare da karramawar da ta dace ba, abin da har yau nake ganin rashin adalci ne. A Nuwamba 1918 Beatty ne ya karɓi miƙa wuyan jiragen Jamus, Jellicoe kuwa ba ya riƙe da wata runduna.