Sharhi kan sikelin dijital mai ɗaukar kilo 5

Ƙaramin sikeli ne mai faifan ƙarfe, yana aiki da batir AAA guda biyu, lambarsa tana hawa giram ɗai-ɗai har kilo 5. Na daɗe ina aiki da shi, kuma a ganina daga giram 20 zuwa kilo 4 abin dogaro ne. Ƙasa da giram 20 kuwa kada a ba shi amana.

A ƙarƙashin faifan akwai ɗan sandan alminiyam da aka manna wa siraran wayoyi. Idan aka ɗora kaya sai sandan ya lanƙwasa kaɗan, yadda ido ba ya gani, wayoyin su miƙe, yadda wuta ke ratsa su ya canza, na'urar ta mayar da wannan canjin lamba. Ke nan duk abin da ya taɓa sandan, nauyi ne a wurinta. Iskar fanka tana sa lamba rawa. Tebur mai gurguwar ƙafa ko shimfiɗa mai taushi suna ɓata awo. Kwano mai zafi yakan sa lamba ta riƙa tafiya ita kaɗai, don haka a sa katako tsakani.

Maɓallin da aka rubuta wa TARE yana aiki yadda ya kamata: ka ɗora kwano, ka danna, lamba ta koma sifiri. Sai dai nauyin kwanon yana cin rabonsa, idan giram 800 ne, kilo 4.2 ya rage maka.

Babban aibinsa yana wajen ƙananan awo. An tsara shi ya riƙa mayar da kansa sifiri idan ya ga ɗan canji a hankali, don yana ɗauka zafi ne ya motsa shi. To, idan kana barbaɗa hoda kaɗan-kaɗan daga sifiri, sai ya riƙa haɗiye ta. Ka ga tsibi a kwano, allo yana nuna 0, can sai ya yi tsalle zuwa 3. Dabarar ita ce ka zuba a tashi ɗaya. Ko da hakan, kuskuren giram 1 a cikin giram 5 kashi 20 ne cikin 100. Mai auna irin wannan ya nemi sikelin da ke nuna giram 0.01.

Awon mililita da ke jikinsa ma na ruwa ne kawai. Litar man girki ba ta wuce kusan giram 920 ba, saboda haka zai nuna ƙasa da abin da aka zuba.

Gwada gaskiyarsa ba wuya. Litar ruwa a zafin digiri 25 tana da kusan giram 997, amma ma'aunin lita na roba shi ma yana kuskure, gara ƙarfen gwaji na giram 500. A ɗora shi a tsakiya, sannan a kusurwa huɗu, a sauke a maimaita. Nawa yana ba da lamba ɗaya a tsakiya, a gefe yakan kauce da giram ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne kashe kansa da yake yi bayan kamar minti biyu, ya tafi da sifirin kwano ana tsakar aiki. Taɓa faifan jefi-jefi yana hana hakan. Da ya nuna Lo a canza batir, kuma kada a jibga masa kaya a wurin ajiya, domin idan sandan ya lanƙwashe ba ya komawa daidai.