XMLHttpRequest ko fetch: wanne ya dace da fom mai hoto?

Wani ɗan'uwa ya tambaya cewa yana da fom na rajistar ɗalibai mai ɗauke da hoto, yana son tura bayanan zuwa sabar ba tare da shafin ya sake lodawa ba. Wanne zai ɗauka, XMLHttpRequest ko fetch, wato hanyoyi biyu da JavaScript ke tura buƙata zuwa sabar?

Malam, kafin zaɓi, ka tabbata ka kira event.preventDefault() lokacin da aka danna maɓallin turawa. In babu shi, ko da wanne ka yi aiki, sai shafin ya sake lodawa.

XMLHttpRequest tsohon hannu ne, asalinsa daga Microsoft ya fito a Internet Explorer 5 a 1999. Shi kuwa fetch a 2015 ya shigo Chrome da Firefox, kuma da Promise yake tafiya, wato alkawarin sakamakon da zai iso daga baya, don haka da async da await layi kaɗan ya ishe ka.

Wurin da aka fi faɗawa rami shi ne kama kuskure. Idan sabar ta mayar da lambar kuskure kamar 404 (ba a samu ba) ko 500 (matsala a sabar), fetch ba ya ganin an gaza, tunda dai amsa ta iso. Sai an samu matsala irin ta yankewar netwok, ko CORS (dokar burauza kan buƙatun da ke zuwa wani adireshi daban) ta tare hanya, catch mai kama kuskure zai yi aiki. Dole ka duba response.ok, wanda yake zama gaskiya daga 200 zuwa 299 kaɗai. In ka tsallake shi ka wuce kai tsaye zuwa response.json(), shafin kuskure na HTML za ka yi ƙoƙarin karantawa, lambar ta fashe a inda ba ka zata ba. XMLHttpRequest ma haka yake, onload na tashi ko da 500 ce, sai ka duba xhr.status (xhr shi ne sunan da ka ba XMLHttpRequest ɗinka).

Wajen jira, tsohon ya fi sauƙi: xhr.timeout = 15000, wato daƙiƙa 15, sai ontimeout ya sanar da kai. A fetch sai ka ba shi signal daga AbortSignal.timeout(15000), ko ka haɗa AbortController da setTimeout saboda tsofaffin wayoyi. Da irin netwok ɗinmu, kada ka bar buƙata ba wa'adi.

Batun hoton nan ne ya raba gardama. XMLHttpRequest na da xhr.upload.onprogress, yana ba ka loaded da total, ka raba ka nuna wa mutum kashi nawa ya tafi. Fetch ba shi da hanya mai sauƙi ta yin wannan. Ɗalibin da ke tura hoto mai megabait 4 bai ga komai na motsi ba, sake dannawa zai yi, ka wayi gari da rajista biyu. Saboda haka ka kashe maɓallin har amsa ta dawo.

Shawararmu: hoton ka tura shi da XMLHttpRequest, sauran aikin, kamar ɗauko jerin azuzuwa ko duba ko an riga an yi amfani da lambar ɗalibi, ka bar wa fetch.

Ko wanne ka riƙa, in da FormData (ƙunshin bayanan fom da fayil) za ka tura, kada ka rubuta Content-Type, wato bayanin nau'in abin da ake turawa, da hannunka. Burauza ce ke saka shi tare da alamar da ke raba sassan bayanan, in ka rubuta naka alamar ta ɓace, sabar ta kasa gane fayil ɗin. In kuma sabar tana wani adireshi daban kana buƙatar kukis (ƙananan bayanan da burauza ke ajiyewa don sabar ta gane mutum), fetch na son credentials: 'include', tsohon kuma withCredentials = true, sannan sabar ta ambaci adireshin shafinka a Access-Control-Allow-Origin, domin alamar tauraro (*), mai nufin kowane adireshi, ba ta karɓuwa a nan.