Sharhi kan kayan harhaɗa siffar DNA

Wata uku ke nan ina koyar da ɗalibaina da wani akwatin kayan roba na harhaɗa siffar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a ƙwayoyin halitta, mai kama da murɗaɗɗen tsani, kuma na ji daɗinsa fiye da yadda na zata.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda maƙeransa suka bambanta ƙarfin haɗe-haɗen. Kowane nukiliyotaid, wato tubalin ginin DNA, guntu uku ne: fosfet, da sukarin diyoksiraibos mai kabon 5, da ɗaya daga cikin sinadarai huɗu masu naitirojin: A, T, G ko C. Inda fosfet ke kama kabon na 3 na wannan sukari da kabon na 5 na sukarin gaba, wato haɗin fosfodayesta, turke mai tauri aka yi, sai ka sa ƙarfi kafin ya fita. Haka ma inda kabon na 1 ke riƙe naitirojin. Amma a tsakiyar tsanin, wurin haɗin haidirojin, maganaɗisu aka sa: 2 tsakanin A da T, 3 tsakanin G da C. Kana ja sai tsanin ya buɗe kamar zif, gefunan kuwa ko gezau. Akwai wata ɗaliba da ta daɗe tana tambayata yadda DNA ke rabuwa a kwafe shi ba tare da ya wargaje ba. Ranar da ta ja da hannunta ba ta sake tambaya ba.

Kuma in ka jera igiyoyin biyu, wato gefunan tsanin, suna fuskantar gefe ɗaya, ba za su haɗu ba sam, dole ɗaya ta juya. Ba mamaki Watson da Crick, masanan da suka gano siffar DNA, suka ƙera tasu siffar da ƙarafa a 1953 kafin su gamsu.

Akwai inda ya gaza. Lambobin da ke jikin kabon sun fara gogewa tun makon farko, sai da na sake rubuta su. Abin da ya fi damuna kuwa, kayan ba su nuna janyen da ke tsakanin matakalan da ke kife kan juna, alhali shi ma yana da babban rabo wajen tsayar da murɗin. Yara sukan ɗauka haidirojin kaɗai ke riƙe komai, don haka sai malami ya cike wannan gurbi da bakinsa.

Matakala 12 ne a akwatin, murɗi ɗaya kuma yana cin kusan 10, shi ya sa na ƙaro akwati na biyu don a ga murɗi biyu.