Sito mai ba da rasit: inda hatsi ke rasa sunan mai shi

A bakin 'yan kasuwa, kaya daban, haja daban. Duk abin da ka mallaka kayanka ne, sai ka kasa shi don sayarwa yake zama haja. Wannan ma'anar ake nufi idan ana ƙorafin an mayar da ruwan sha ko ilimi haja. Akwai kuma ma'ana ta biyu da ake yawan cakuɗawa da ta farko: abu ya kai inda mai saye bai damu da wanda ya noma shi ba, buhun wane da na wane duk ɗaya, farashi kawai ake tambaya. Wannan ta biyun ita ce ainihin aikin da sito mai ba da rasit yake yi, kuma da ita ya kamata a auna shi.

Ka kai hatsinka, a ɗora a sikeli, a soki buhuna a ɗebi samfur, a gwada danshi, a tankaɗe a ga yawan tsakuwa, ƙaiƙayi da fasassun ƙwayoyi. Sai a ba shi daraja, lamba ɗaya ko lamba biyu, a rubuta maka rasit mai ɗauke da iri, daraja da nauyi. Daga nan ya shiga cikin na jama'a. Ranar ɗauka ba buhunanka za a ba ka ba, kwatankwacinsu ne. Tsarin ba sabo ba ne: hukumar kasuwar hatsi ta Chicago, wadda aka kafa a 1848, ta fara rarraba alkama daraja-daraja tun 1856.

Amfaninsa a fili yake. Rasit ɗin kansa ana sayar da shi ba tare da an motsa buhu ko ɗaya ba, banki kuma yana karɓarsa jingina ya ba da rancen wani kaso na kuɗin kayan. Manomi ya huta da sayarwa a kaka, lokacin da farashi ke ƙasa.

Rigima ta farko a kan danshi take tashi. Masara ba ta ajiyuwa sai danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin ɗari. Sama da haka fumfuna ke kama ta. Wanda ya kawo kilo 1,000 mai danshi kashi 18, bayan busarwa zuwa 13 abin da zai rage masa kilo 942 da rabi ne, domin ana ninka 1,000 da 82 (100 ban da 18) a raba da 87 (100 ban da 13). Ba sata ba ce, ruwa ne ya tafi. Amma siton kirki a gabanka yake gwaji, ya rubuta lissafin a takarda. Idan aka ce za a gwada bayan ka tafi, kwashe kayanka. Haka ma samfur: wanda aka ɗiba daga bakin buhu kaɗai ƙarya yake yi, don gari da tsakuwa ƙasa suke gangarawa.

Babban aibinsa kuwa a jikin tsarin yake. Daraja iyaka ce ta ƙasa, saboda haka wanda nasa ya fi lamba ɗaya kyau ba ya samun ko sisi a kai. Habasha ta ga wannan bayan buɗe kasuwar hajojinta a 2008: kofi ya riƙa gauraya, masu sayen na musamman suka kasa gano gonar da ya fito, har aka sassauta dokar cinikin kofi a 2017. Don haka mai kayan da sunansa ke ƙara musu kuɗi, wannan sito ba nasa ba ne.

Sai amana. Rasit takarda ce kawai idan babu kaya a bayanta. A 1963 a New Jersey ta Amurka an karɓi bashin miliyoyin daloli da rasit ɗin man girki, ashe tankunan ruwa ne, mai kaɗan yana yawo a sama. Kafin ka ajiye, nemi ganin lasisi da inshorar gobara, tambayi wa ke zuwa daga waje ya ƙirga kayan, sannan a rubuta maka kuɗin ajiya na wata, na feshin ƙwari, da kason raguwar nauyi da za a cire.