Tukunyar gas mai kilo 6: ta ishi wanda ya kama ɗakin kansa a Bauchi?

Duk wanda ya bar gida ya kama ɗakin haya a Yelwa ko Gwallameji, ɗalibin jami'ar ATBU ne ko na Foli, ɗan bautar ƙasa ne ko sabon ma'aikaci, bayan katifa da bokiti sai abin girki. Abincin sayarwa sau uku a rana yana cinye kuɗin wata tun ba a kai tsakiyarsa ba. A cikin abubuwan da ake da su, ni dai ina ganin tukunyar gas mai kilo 6, wadda ake ɗaura bona, wato kan da wuta ke fitowa, kai tsaye a kanta, ita ta fi dacewa da mutum ɗaya. Amma tana da aibu, kuma mai sayarwa ba lallai ya faɗa maka ba.

Risho ya sha ƙasa tun da kananzir ya yi tsada. Murhun lantarki sai an kawo wuta, kuma a gidan da ake raba kuɗin mita ɗaya shi ne mafarin rigima da maƙwabta. Kurfoti da gawayi na da araha, sai dai na tsakar gida ne. Kada sanyin hunturu ya sa ka shigar da garwashi ɗaki ka rufe ƙofa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

Kayan guda uku ne: tukunyar, bonar da ake murɗawa a bakinta, da ƙarfen da tukunyar girki ke zama a kai. Ba tiyo, ba regileta, don haka wuraren yoyo kaɗan ne. Irin wannan bona na shan kusan giram 150 zuwa 200 a awa, wato kilo 6 zai ba ka wuta ta awa 30 zuwa 40. Mai dafa shayi da taliya da safe, shinkafa da miya da yamma, zai yi wata guda ko fiye. Wake ne ɓarawon gas. Jiƙa shi tun dare, ka rufe tukunya, kuma da ya tafasa ka rage wuta, don ruwan da ya riga ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar. Mai kilo 3 ta fi araha, amma zirga-zirgar cikawa a Keke Napep za ta mayar da ribar asara.

Wurin saye, a Wunti ne ko Muda Lawal, kada sabon fenti ya ruɗe ka. Kifa tukunyar ka duba gindinta, nan tsatsa ke fara ci. Wadda ta lotsa ko aka yi mata walda daga baya, bar ta ko da kyauta ce. Duba shekarar ƙira da aka buga a jikin ƙarfen. Ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ita ce tukunya ba ta wuce shekara 15 tana aiki. Kusa da nan akwai lambar nauyinta babu gas, galibi da haruffan TW. Riƙe wannan lamba. Duk ranar cikawa a ɗora ta kan sikeli a gabanka, nauyin ya zama TW da kilo 6. Idan ya gaza an rage maka. Idan ya wuce ma ba alheri aka yi maka ba, domin gas na buƙatar sarari a sama ya buɗa idan ya ji zafi, kuma kowa ya san zafin Bauchi a watan Maris da Afrilu. Saboda haka ba a barin tukunyar a rana.

Inda aka fi samun matsala shi ne 'yar baƙar robar da ke tsakanin bona da bakin tukunya. Yawan kwancewa da ɗaurawa na cinye ta, zafi kuma na busar da ita ta tsage. Bayan kowace cikawa, kaɗa omo a ruwa ka shafa kumfar a mahaɗar da soso. Idan ka ga ƙwayoyin kumfa na tasowa suna girma, yoyo ne: kwance, sauya robar, sake gwadawa. Ba a gwaji da ashana. Da hannu ake ɗaure bona; filaya na lalata haƙoran murɗin. Idan ka shigo ɗaki ka ji wari, kada ka taɓa makunnin fitila, buɗe ƙofa da taga, ka fitar da tukunyar waje. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda katifarka take. Shi ya sa na fi so a yi girki a baranda ko bakin ƙofa a buɗe.

Wuta mai kyau shuɗiya ce. Idan ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, ƙura ko miyar da ta zube ta toshe ramukan bona. Bari ta huce, ka cire ta, ka goge da tsohon buroshin haƙori.

Babban aibun wannan tukunyar gas tsayi. Tukunyar girki na zaune can sama a kan ƙarfe siriri, to ka zo tuƙa tuwo da muciya ka ga yadda komai ke rawa. Talge mai zafi a ƙafa ba wasa ba ne. Zaɓi ƙarfe mai faɗi da kauri, ka ajiye a daɓe mai daidai, kada ka ɗora kan tebur, kuma idan tuƙi ya zo ka riƙe hannun tukunya da tsumma. Sannan kai ɗaya gare ta, sai miya ta sauka shinkafa ta hau. Idan ku uku ne a ɗaki, ko kana yawan baƙi daga gida, ku haɗa kuɗi ku sayi mai kilo 12.5 da murhun tebur mai kai biyu, da tiyo da regileta sababbi.