Madabod ɗin da na sa a kwamfutar gida

Jama'a wata 4 kenan da na haɗa wa iyali kwamfuta, yara su yi aikin makaranta uwargida kuma ta riƙa lissafinta, kuma gaskiya wajen zaɓen madabod, wato babban allon da ake jona duk sassan kwamfuta a kansa, na fi ɓata lokaci. Ƙarshe dai MSI B550M PRO-VDH WIFI na ɗauka, na ɗora masa furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600G tunda soket ɗinsu (mazaunin furosesa) ɗaya, AM4, kuma shi wannan furosesa yana da girafik a cikinsa, ba ruwanka da sayen katin girafik daban, ka jona wayar HDMI zuwa sikirin kawai hoto ya fito.

Abin da ya fi burge ni ramin RAM (memorin da kwamfuta ke aiki da shi) guda 4 ne, samfurin DDR4. Biyu na cike, 8GB kowanne, sauran na jiran ranar da aljihu ya yi nauyi. Wajen SSD (ma'ajiyar fayiloli) samfurin M.2 ma biyu ne. Wayfay da bulutut duk a jikinsa suke, ba sai na ja waya daga falo zuwa ɗakin yara ba.

Amma fa AM4 tsohon yayi ne, tun 2016, sabon RAM na DDR5 ba ya shiga. Mai son sabon yayi sai ya nemi AM5 ya ƙara kuɗi, mu dai wannan ya ishe mu.